Sifili Arba'in da Ɗaya

Litinin, 12 ga Mayu, 2008, ƙarfe 4:50 na yamma

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta abin da zan koya, amma bari in fara da abin da ke ci mini rai. Ranar Juma'a aka dakatar da Malam Ilyasu. Shekara ashirin da tara yana aikin awon ruwan koguna a hukumar nan, saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya, aka miƙa masa takarda a tsaye a baranda, aka ce ya ajiye makulli.

Abin da ake raɗawa shi ne wai ya canza lambobin gwamnati da hannunsa. Akwai gadar da za a gina a kan wani kogi can bayan Gwagwalada. Kamfanin da ya zana ta ya faɗi tsayin da za ta yi, Malam ya ce in aka gina ta a haka ambaliya za ta hau kanta, sai an ɗaga. Aiki ya tsaya wata uku, wasu manya suka gaji da jira. Sauran ban sani ba, ɗan abin da na sani kuma ba na rubutawa ba ne.

Kwamiti zai zauna ranar uku ga Yuni. In ya tabbatar da laifin, kora ce, ba ritaya ba.

Ni da ba ni a ciki, yau da safe Oga Thaddeus, mataimakin darakta, ya kira ni ofishinsa.

"Rumasa'u, kai ne ka yi engineering, ko?"

Shekara biyar yana ce mini kai, na riga na haƙura. Na ce ni ce, oga.

"Wannan program na Ilyasu, Matlab, ba wanda ya iya a nan. Ka zauna ka koya, ka run ɗin shi, ka ba ni one page. Ya taɓa figures ko bai taɓa ba. Yes ko no."

Na ce oga, ban taɓa ko buɗe shi ba. Ya ce ai mako uku ne, yaran yanzu a kwana ɗaya muke koyon sabuwar waya. Ya ɗauki jarida, alamar an sallame ni.

Ba wai ina son Malam Ilyasu ba ne. Mutum ne da za ka gaishe shi ya amsa da hanci, ya dawo maka da takardarka ta sha jan biro kamar ta ɗan firamare. Amma a rasa wanda za a ba wuƙar yanka shi sai ni, wannan cin fuska ne.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 1:15 na rana

An kawo kwamfutar Malam an dire a teburina, da wani littafin koyo na fotokwafi wanda shafi ashirin na farko suka yage. Na buɗe Matlab ɗin, wato manhajar da yake lissafi da ita. Farin fili ne kawai da wasu kibiyoyi biyu a gefe suna jirana. Babu abin dannawa, babu mai ce maka sannu da zuwa. Na rubuta 2+2, ya ce ans = 4. To madalla.

Abin da na gane zuwa yanzu: wannan yare na kwamfuta komai a wurinsa matiriks ne, wato lambobi a jere, layi a kwance layi a tsaye, kamar kiret ɗin ƙwai. Ko lamba ɗaya tal ka ba shi, sai ya ce kiret ne mai gurbi ɗaya. In kana son ƙwan da ke layi na uku gurbi na biyu, sai ka rubuta sunan kiret ɗin ka sa uku da biyu a cikin baka. Wannan ba wuya. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa ni ce zan koya a mako uku, alhali bara maza huɗu aka tura kwas ɗinsa Legas, suka dawo da jakunkuna masu tambari.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe 3:30 na yamma

Na shigo da fayil ɗin awon kogin. Shekara ashirin da biyu ne, daga 1981 zuwa 2002, kowace rana da tsayin da ruwa ya kai a jikin sandar awo. Kowace rana da layinta, kowace shekara da gurbinta. Ashe in ba ka sa waƙafi mai ruwa a ƙarshen umarni ba, duk abin da ya karanta sai ya zazzage maka a fuska. Lamba dubu takwas suka riƙa kwarara ina kallo. Angela, sakatariyar sashenmu, ta leƙo ta kafaɗata.

"Madam, virus ne? Abeg kar ka sa flash ɗinka a nawa."

Sannan na buɗe shirin da Malam ya rubuta, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi ta yi lissafin gadar. Sunansa gada_final2_sabo. Layi ɗari uku da wani abu. Sunayen da ya raɗa wa lambobinsa su ne aa, bb, aa2, kk, da wani wai shi zz_tsoho. Yaren ya ba mutum damar ya sa alamar kashi cikin ɗari ya rubuta bayani don mai zuwa bayansa. A duk layi ɗari ukun nan bayani ɗaya Malam ya bari: "kar a taɓa". Me ne ne kar a taɓa, don me, wa ya sani.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 5:10 na yamma

Na danne zuciyata na kira shi. Na gaishe shi, na yi masa jaje, na ce Malam don Allah mene ne kk.

"An ce kada in yi maganar aiki da ma'aikaci," in ji shi. "Ki rubuta help, ki sa sunan abin da ya shige miki duhu. Ya fi ni haƙuri."

Ya kashe waya. Mutumin da nake neman hanyar da zai tsira ke nan. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, help ɗin yana aiki.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 12:05 na rana

An ɗauke wuta, janareta ba mai, aikin safiya duk ya tafi don ban adana ba.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 6:20 na yamma

Wuni guda a kan ɗigo ɗaya. Ina so in ninka kowace lamba da kanta, sai ya riƙa watso mini jan rubutu wai girman matiriks ɗin bai dace ba. Ashe alamar tauraro ita kaɗai ninkin matiriks ne irin na aji uku a jami'a, layi ya bi ta kan ginshiƙi. In ƙwai da ƙwai kake so, sai ka sa ɗigo kafin tauraron. Bayaninsa yana shafi na goma sha bakwai na littafin koyon, cikin waɗanda suka yage.

Na iso gida a unguwar Gudu kaina na sarawa, mijina Tawfiq ya tambaye ni ko an ƙara mini girma ne da nake dawowa da yamma haka. Ya ce in rubuta musu abin da suke so in huta, ai ba ni na kai ƙarar Malam ba. Shi mijin nan nawa komai a wurinsa mai sauƙi ne, har da abin da bai sani ba.

Amma zan faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa: da na rubuta max, na ga ya zaro mini ruwa mafi tsayi na kowace shekara, ashirin da biyu a layi ɗaya cikin ƙiftawar ido, na ji daɗi. A da wannan aikin kwana biyu ne da rula da fensir.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 2:40 na rana

Na gan shi.

Daga layi na 212 zuwa na 252. Layi arba'in da ɗaya, kowanne yana zuwa gurbi guda a cikin awon gwamnati ya cire abin da ke ciki ya dasa wata lamba. Bakwai da ɗigo huɗu. Bakwai da ɗigo tara. Takwas da ɗigo ɗaya. Sandar awon kanta mita shida ce, ina aka samo takwas? Babu bayani, babu takarda, babu komai. A saman su ne aka rubuta "kar a taɓa".

Na goge layukan na sake gudanar da shirin, sai ga lissafin kamfani ya fito daidai. Na mayar da su, sai ga na Malam.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya taɓa dawo mini da rahoto don na rubuta mita ban rubuta ɗigon sifili ba, ashe shi yana zaune yana ƙera lambobi. Kwana tara ina shan wahala a kansa.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 10:30 na safe

Na haɗu da Oga Thaddeus a matakala ya ce yaya. Na ce oga, ya taɓa, wuri arba'in da ɗaya, na gani da idona. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "You are sure?" Na ce tabbas. Bai yi murna ba, in yi masa adalci. Ya ce in kawo a rubuce kafin ranar kwamiti, ya juya ya koma sama maimakon ya sauka.

Zan koyi yadda ake zana giraf, layin da ke nuna hawa da saukar ruwa, in manna a takardar, kada a ce aikin mace ne.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 11:45 na safe

plot. Kalma ɗaya ce, ka ba shi lambobi ya zana. Na ɗauki shekarar 1988 daga ainihin fayil ɗin gwamnati, wanda Malam bai taɓa ba. Layin ya taso daga Mayu yana hawa a hankali, ya kai biyar da ɗigo tara ranar sha bakwai ga Agusta. Washegari ya faɗo ƙasa, sifili. Kwana uku yana kwance a sifili. Rana ta huɗu ya koma biyar da ɗigo takwas kamar ba abin da ya faru.

Kogin nan ko a watan Maris ba ya ƙafewa. Ta yaya zai ƙafe kwana uku a tsakiyar Agusta?

Na rubuta find, na ce ya nemo mini duk inda sifili yake a shekara ashirin da biyun nan. Arba'in da ɗaya. Duk a Agusta da Satumba. Na jera su gefe da layukan Malam. Su ne, ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a, ƙarfe 4:00 na yamma

A ƙasan fayil ɗin akwai sunan wanda ya buga shi da kwanan wata. Na rufe kwamfutar.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Na je kasuwar Gudu. Tumatir ya yi tsada, mai nama ya cika mini leda da ƙashi, na yi faɗa da mai attaruhu a kan abin da bai kai ya kawo ba har mutane suka tsaya kallo. Garin nan kowa gini yake yi, ko'ina tifa da ƙura da katako, ba mai tsayawa ya duba abin da ke ƙarƙashi.

Tawfiq ya ce me ya same ni. Na ce Matlab.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 1:30 na rana

A 2003 an kawo wata 'yar bautar ƙasa sashen nan. Aka jibge mata littattafan awo ashirin da biyu, rubutun hannu, aka ce ta buga su a kwamfuta. Matar da ke kula da masu buga takardu a lokacin tana da doka: ba a barin gurbi. In ta zo dubawa ba lambobi take karantawa ba, gurbi take nema, in ta ga ɗaya a buɗe aiki bai ƙare ba, ba za a sa hannu a takardar sallama ba. Yarinyar nan saura kwana tara a ɗaura mata aure a Zariya. A wasu ranaku mai awon bai rubuta lamba ba, ya ja ɗan layi ne kawai. Me za ta buga? Wa ya gaya mata? Wa ya zaunar da ita ko na minti biyar ya ce mata ga ma'anar aikin nan?

Ba ta da laifi. Wanda ya kafa doka irin wannan shi ne mai laifi. Wanda ya sa hannu bai duba ba shi ne mai laifi.

Na rubuta wannan sau uku yau, ban ji sauƙi ba.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe 3:15 na yamma

Angela ta samo mini makullin sito. Littattafan suna nan a ƙarƙashin karyayyun kujeru, gara ta ci gefen biyu. Na buɗe na 1988. Sha takwas ga Agusta, ɗan layi. A gefe, wurin ƙarin bayani, an rubuta kalma ɗaya da shuɗin biro: ƙusa. Na duba na 1994, haka. Na 1999, haka.

Na tuna kalmar. Na gan ta a lokacin, na ce a raina ina ruwan kogi da ƙusa, na wuce.

Yaren nan yana da wata alama, NaN, ma'anarta nan babu lamba. Ba sifili ba, babu dai. An tanade ta musamman don wurin da mutum bai sani ba. Da na karanta wannan a help sai da na tashi na fita baranda.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 7:10 na yamma

Yau hutu ne, manya suna can suna jawabi, ni kuwa na shiga motar Gwagwalada, daga can na hau acaɓa zuwa bakin kogin. Na sami mai awon, Baba Manniru, a gonar masararsa. Tun 1981 shi ne yake sauka safe da yamma ya karanta sandar ya rubuta. Na nuna masa littafinsa, ya karɓa da hannu biyu ya shafa bangon.

Na ce Baba, me ya sa ka ja layi a nan.

"'Yata, ranar ruwa ya shanye sandar gaba ɗaya. Abin da ban gani ba zan rubuta? Sai in ja layi."

Na ce to ƙusar fa.

Ya ce in biyo shi. A saman gaɓa akwai wani tsohon maɗaci. In ruwa ya janye yakan bar shatin laka a jikin itacen, sai Baba ya ɗauko tsani ya buga ƙusa daidai bakin shatin, da ɗan gutsuren kwano da ya karce shekarar a jiki. Ba wanda ya sa shi. Na ƙirga goma sha uku. Ta 1994 sai da na ɗaga kai sosai kafin na hango ta, kuma ina tsaye ne a inda turakun kamfani suka nuna kan gadar zai zauna.

"Injiniya Ilyasu ya zo da abin awonsa mai ƙafa uku, shekara huɗu ke nan," in ji Baba. "Wuni ya yi yana auna su ɗaya-ɗaya. Ko ruwa bai sha ba, sai faɗa yake mini wai ƙusar tamanin da takwas ta karkace. Yana lafiya?"

Na ce yana lafiya. Na ɗauki hotuna da wayata. Ya cika mini leda da ɗanyar gyaɗa, na kasa kallon idonsa.

Ni na buga sifilin nan. Ni ce. Ranakun da kogin ya fi kowane lokaci cika, na rubuta babu ruwa, don in kama motar Zariya.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na yamma

Awa biyu a cunkoson Nyanya kafin na gano gidan Malam. Yana zaune a tabarma da singileti yana gyaran rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da hancin nan nasa. Na ajiye masa giraf ɗin da hotunan maɗacin.

Ya daɗe yana duban giraf ɗin, sannan ya ce, "Ba ki sa sunan layin tsaye ba. Mita ne ko ƙafa?"

Na ce Malam, ka san wanda ya buga fayil ɗin nan.

"Tun 2004."

Na ce me ya hana ka gyara shi a hukumance.

"In za a gyara fayil ɗin gwamnati sai an rubuta takarda, a faɗi kuskuren, a faɗi mai shi. Lokacin wata huɗu da ɗaukar ki aiki, ba a tabbatar da ke ba. Kuma ni na sa hannu a sallamarki ban buɗe ba. Sai na gyara a nawa shirin, na ce ai ni kaɗai ke amfani da shi."

Na ce to yanzu fa, da aka dakatar da kai, me ya hana ka faɗa.

Ya ci gaba da murɗa sukurun rediyonsa. Ya ce, "Ni na kusa tafiya. Ke kina da shekara talatin a gabanki."

Wallahi ban ji godiya ba, haushi na ji. Na ce wa ya roƙe ka? Wa ya ce maka ba zan iya ɗaukar laifina ba? Shekara huɗu kana kallona ina wucewa ta gaban ofishinka, kana ja mini jan biro a kan waƙafi, babban kuwa ka ɓoye mini kamar wata yarinya. Da ka rubuta layi ɗaya na bayani a shirin nan da duk ba mu zo nan ba.

Ya ce, "Wannan gaskiya ne." Shi ke nan abin da ya ce. Matarsa ta kawo mini kunun zaƙi, na sha don kunya.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 2:20 na rana

Takardar ta zama shafi huɗu. Giraf biyu, hoton itace, jerin ranaku arba'in da ɗaya, sai sakin layi na uku mai sunana a ciki. Oga Thaddeus ya karanta ya cire tabarau ya murza ido.

"Wannan ba yes ba ne, ba no ba ne."

Na ce oga, ya taɓa lambobin, amma na gaskiya ya sa, na ƙarya ya cire, kuma na ƙaryar ni na buga.

"Ka cire paragraph three. Ka ce typing error, finish. Kana da yara, Rumasa'u."

Na ce in na cire, za su ce kuskuren wa, su koma kansa. Ya ce da na gaya masa haka tun ranar matakala. Na ce ranar ban sani ba. Ya ce, "Amma ka ce you are sure."

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe 5:40 na yamma

Mutum biyar a bayan dogon tebur, da faranti na biskit. Na haɗa kwamfuta da majigi. Na gudanar da shirin a gabansu, na nuna kogin da ya ƙafe a Agusta, na nuna ƙusoshin, na karanta sakin layi na uku da bakina ban tsallake ko kalma ba.

Wani ya ce ai itace girma yake yi, ƙusar tamanin da takwas yanzu ta hau sama. Na ce ranka ya daɗe, itace ta kai yake tsawo, ƙusa inda aka buga ta nan take zama. Ya ce shi ba a ƙauye ya tashi ba, aka yi dariya. Shugaban ya duba agogo ya ce an ji, an gode, aikin ya yi kyau, a ina na koyi wannan abu haka.

Malam yana zaune a kujerar bakin ƙofa. Ba wanda ya tambaye shi komai. Minti ashirin da biyar duka zaman.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe 9:00 na safe

Ina jiran takardar tuhuma. Na riga na rubuta amsarta.

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe 7:25 na yamma

Ba takardar tuhuma. Abin da ya zo shi ne sanarwa: za a ɗaga gadar, kamfani zai sake zane, kowa ya ji daɗi. Kuskuren fayil an kira shi "na wata 'yar bautar ƙasa a wancan lokaci", ba suna. Ni kuma an naɗa ni in riƙe sashen lissafi, in kuma koya wa ma'aikata Matlab duk Laraba, har da mazan nan huɗu.

Malam Ilyasu ba a kore shi ba. An yi masa ritayar dole, saboda canza bayanan hukuma ba da izini a rubuce ba. Angela ce ta nuna mini kwafin, ta ɗora yatsa a kan kwanan watan. Ashirin da biyu ga Mayu. Kwana goma sha biyu kafin kwamiti ya zauna, ranar da na tsaya a matakala na ce tabbas.

Na kwashe kayansa a kwali, kofi da dardumar salla da jajayen bironsa guda shida, na kai masa Nyanya da kaina. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, da na isa na rasa ko ɗaya. Na ce Malam ka yafe mini. Ya buɗe kwalin yana duba kayan.

"Nawa suka ce za su ɗaga ta?"

Na ce mita biyu.

"Biyu da santimita ashirin na ce." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na san shi. "Yanzu ke ce za ki sa hannu a zanen. Kada ki sa sai sun cika ashirin ɗin."

Na ce to, Malam.

Na yi kuka a cikin bas tun daga tasha har gadar shiga gari, kwandasta yana tambayata ko rasuwa aka yi. Gobe ƙarfe goma zanen zai iso teburina.